Baba Ari da Gitar Yaya Mahamud

Ranar da na fasa tangaran ɗin Inna na fara jin sunan Ari. Ina ƙarama, ban ma shiga lakwal ba, wato makarantar boko. An aike ni in ɗauko shi daga ɗaki in kai madafa, na yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ya suɓuce. Inna ba ta doke ni ba. Ta durƙusa tana tsince gutsattsarin, ta ce, "Ari ya ɗauko shi tun daga Kano a bayan kamiyo, ko tsagewa bai yi ba. Ke daga ɗaki zuwa murhu kin kashe shi."

Na ɗauka wani ƙato ne mai hannuwa kamar faifai. Da na gan shi daga baya, ya zo kawo wa Inna atamfa, sai na ga ɗan tsamurmurin mutum, gajere, da tsohuwar riga mai tabon goro a gaba, da buta a hannu. Ya tsaya a zaure ya ce, "Wushe, masu gida," irin gaisuwar Barebari, ya miƙa saƙo, ya ƙi zama. Mu yara Baba Ari muke ce masa.

Aikinsa na asali rakiyar goro ne. Masu goro na Zango, unguwarmu a Damagaram, su sayi kayansu a Kano, a loda a kamiyo, babbar motar kaya, shi kuma ya hau bisa kayan ya rako su har Damagaram. Sautun mata a kan wannan ya hau: wannan ta ba shi na tangaran, waccan na maganin hawan jini, wata gilashin ido, wata kan keken ɗinki. Kowane ƙunshi yakan ɗaura masa ɗan ƙyallen zanen mai shi, shi ke nan ya san na wa ne. Ban taɓa jin an ce ya kai na wata gidan wata ba.

Mahaifinsa Babarbare ne daga gabas, mahaifiyarsa 'yar garin Guna. Uban ya rasu yana yaro, kawunsa ya kawo shi Zango ya ba wani mai goro riƙo, a can ya koyi abin da ya zama rayuwarsa duka. Yakan ce goro rai gare shi, kuma zafi ne ajalinsa. Ana naɗe shi cikin ganye a yi huhu, a lulluɓe da algarara, duk inda mota ta tsaya a yayyafa masa ruwa. Ba zubawa ake yi ba. Ka ɗebo a tafin hannu ka watsa da yatsu, kamar mai ba kaji tsaba. Ko ƙishirwa za ta kashe shi, sai goro ya sha kafin shi ya sha. Abin dariyar, shi ba ya cin goro. Matarsa Maryama, mai sayar da kwaɗon zogale a bakin layinmu, takan ce da goro na magana, Baba zai ce masa. Ɗiyarsu guda ce, tana aure a Hamdara.

Yanzu sai in kawo yayana Mahamud, don ta dalilinsa abin ya faru. Ɗan kabu-kabu ne, amma zuciyarsa ba ta kan moto. Ya koyi kiɗan gita wurin wani abokinsa mutumin Agadas, har ya fara bin su gidajen biki. Inna ta daɗe tana faɗa, tana cewa tun da babanmu ya rasu kowa ya ga dama ya yi abin da ya so, kuma zuriyarmu ba maroƙa ba ce. Ranar bikin ɗiyar ƙanwarta ta ji shi da kunnenta, ta dawo gida, daga ranar faɗan bai sake tashi ba. Da abokin ya koma Agadas da gitarsa, Yaya ya zauna ba abin kaɗawa. Ya daɗe yana tara kuɗi daga abin da moto ke kawowa, har ya kai ga abin da zai sayi tasa.

A Damagaram bai ga irin da yake so ba. Sai ya yi magana da Abdul'aziz, wani saurayi Bakano mai shago a Zango, yana sayar da lasifika da rediyo da fitilun sola. Wansa ne a Kano ya buɗe masa shagon don ya gwada kansa. Yaro ne mai ladabi, yakan zo zaurenmu su ci tuwo da Yaya, in ya gai da Inna har ƙasa yake kaiwa. Ya ce zai je Kano saro kaya, zai zaɓo ta da hannunsa. Ya je, ya zaɓa, ya sa aka kaɗa ta a gabansa, har ya kira Yaya ta waya ya ji muryarta. Amma shi yana da sauran kwanaki a can, ga kuma wani biki da Yaya ya karɓa. Ya ce zai sa ta a bas.

Inna ta ce, "Bas? Su jibga mata buhun albasa a kai? A ba Ari."

Aka ba Ari.

Abin da ya faru a hanya, daga baya muka ji shi daga bakinsa, amma gara in faɗe shi a nan inda ya faru. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ke sa kwalta ta yi laushi. Baba Ari bai taɓa ɗaukar gita ba. Ya buɗe kwalin ya duba, ya ga katako siriri kamar ɓawon ƙwarya, yana ƙyalli. Ya sha ganin rana ta tsaga akushi, ta tsaga turmi, balle wannan. Ga shi 'yan duwan, wato kwastan, sun tsare su a kan iyaka, babu inuwa, har suka kwana. Sai ya yi mata abin da yake yi wa abin da ya fi daraja a motar. Ya fitar da ita daga kwali, ya naɗe ta cikin jiƙaƙƙiyar algarara, ya kwantar da ita tsakanin huhunan goro inda ya fi sanyi. Duk sa'ad da ya yayyafa wa goro, sai ya yayyafa mata, har da ƙari, don ya ce ya ga kamar ta fi goro rauni. Ruwan shansa ma a kanta ya ƙare. Da suka wuce Matamai suka doso gari, ya ware ta, ya goge ta da hannun rigarsa, ya mayar cikin kwalinta, busasshe tsaf, ya ɗaure. Sauran hanyar ta yi ta a rana.

Abokan Yaya sun cika zaure ranar da aka kawo ta. Aka buɗe kwalin. Fuskarta ta kumbura ta tsage daga ƙasa, ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyi ya ɗago kamar farcen da aka buge, wuyanta ya karkace. Yaya ya taɓa tsirkiya guda, ta yi wani sauti kamar an taka gwangwani. Ya ajiye ta ya fita. Na gan shi bayan gida yana goge ido da hularsa.

Ba wanda ya tuna da Baba Ari. Kwali lafiya lau, ko lotsawa bai yi ba, igiya a ɗaure. In abu ya fita daga kwali lafiyayye a lalace, ai a lalace ya shiga. Haka kowa ya lissafa.

Da Abdul'aziz ya dawo, Yaya ya ce ya mayar masa da kuɗinsa. Shi ya ce lafiyayya ya bayar. Magana ta yi tsawo, aka kai ta zauren mai unguwa bayan la'asar. Aka kira Baba Ari, ba don ana tuhumarsa ba, sai don shi ne ya kawo. Ni da Inna muna daga cikin gida wurin matan mai unguwa, muna ji ta bayan labule. Lokacin ina kwalej.

Abdul'aziz ya ɗauki gitar ya jujjuya, ya kai hancinsa bakin raminta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ruwa ta sha."

Zauren ya ɗauki dariya. Dole a yi dariya. Wata nawa ba a ga ko ɗigo daga sama ba, famfon unguwa ya ƙafe, mata na bin layi da jarkoki tun asuba.

Wani daga cikin 'yan kabu-kabu ya ce, "Bakano, nuna mana rijiyar, mu ma mu je mu sha!"

Wani ya ce, "A garin nan wa ke da ruwan ba katako? Ni nan rabona da wanka tun Juma'a."

"Mun ji a jikinmu," in ji na kusa da shi. Aka sake kwashewa.

Abdul'aziz bai yi dariya ba. Ya ce, "Wallahi ruwa ne. Ku shinshina." Ya juya wajen Baba Ari, wanda ke zaune can gefe da butarsa tsakanin ƙafafu. "Baba, don Allah, ko ruwan sama ya same ku a hanya?"

Kafin Baba Ari ya buɗe baki, Inna ta ɗaga murya daga bayan labule. "Kai yaro, kada ka shafa wa Malam Ari. Tun ba a haife ka ba yake ɗauko mana kaya, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Ka nemi wata hanyar."

Mai unguwa ya ce, "Bari dai ya amsa. Malam Ari, an yi ruwa?"

Ya daɗe yana kallon tabarma. Daga nan ya ce, "Ba a yi ruwa ba, ranka ya daɗe."

Bai yi ƙarya ba. Amma ya ce mana daga baya, tun sa'ad da yaron ya ce ruwa, ya tuna da abin da ya yi a hanya. Kafin wannan lokacin bai sani ba, har ga Allah, ya ɗauka haka aka ba shi ita. A zauren ya gane. Ya ce ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji muryar Inna tana tsaya masa, ya ga idon masu goro biyu da ke zaune a wurin, ya tuna ba shi da gona, ba shi da shago, sunan nan kaɗai gare shi. Sai ya amsa abin da aka tambaye shi ya tsaya.

Mai unguwa ya yanke: mai kaya ya karɓi kayansa, ya mayar da kuɗi. Abdul'aziz ya mayar, bai yi gardama ba. Ya gai da mai unguwa, ya gai da Inna ta bayan labule, ya ɗauki kwalin ya fita. A gidanmu ranar an yi murna. Inna ta ce gaskiya ta yi halinta.

Washegari Abdul'aziz ya je har gidan Baba Ari da kwalin. Ya ce, "Baba, ka mayar wa yayana da ita Kano, ko mai gyara zai iya wani abu. Ba ni da wanda zan ba sai kai." Maryama ta ce tana tsaye tana tsinke zogale, ta ga mijinta ya karɓa da hannu biyu. A kan cinyarsa ya riƙe ta har Kano.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma maganar ta fita daga zaure ta shiga gari. Duk abin da ya lalace a Zango, sai a ce ruwa ya sha. Moto ta ƙi tashi, ruwa ta sha. Miya ta yi tsami, ruwa ta sha. 'Yan kabu-kabu in sun wuce shagon Abdul'aziz sai su danna oda su ce, "Bakano, yau me ya sha ruwa?" Da farko yakan yi murmushi. Amma kayansa irin waɗanda ake saye da yarda ne. Fitilar sola ba a sanin gaskiyarta sai ta yi wata a gida, lasifika sai ta yi azumi guda a masallaci. Mutanen wani masallaci da suka yi magana da shi kan lasifika suka janye. Mata suka riƙa gaya wa juna, har ta waya, cewa yaron nan ruɓaɓɓun kaya yake kawowa, ai kun ji abin da ya yi wa ɗan Zuwaira. Zuwaira ita ce Inna. Ba ta aiki kowa ya faɗa ba, amma kuma duk wadda ta tambaye ta, takan ba ta labarin tun daga farko.

Baba Ari ya ci gaba da tafiyarsa. Sai dai ya daina tsayawa a zaurenmu. In ya kawo saƙo, ya ba Maryama ta kawo. In zai je tasha, sai ya bi ta bayan layi don kada ya wuce gaban shagon. Maryama ta zo wurin Inna ta ce, "Ni kam ban san abin da ke cin mutumin nan ba. Tuwo in ya yi loma biyu sai ya ture. Na ce ko hawan jini ne, ya ce in bar shi." Inna ta ba ta jiƙo. Baba Ari har ya fara sayen abin da ba ya buƙata a shagon Abdul'aziz, ta hannun wasu. Maryama ta ce sai ga fitilun sola a ɗakinsu, ɗaya bayan ɗaya, su da ba su da ɗaki sai guda. Ta ce, "Malam, masallaci za mu buɗe?"

Fitilun ba su riƙe shago ba. Da damina ta faɗi, wan Abdul'aziz ya ce ya tattaro abin da ya rage ya dawo gida. Kamiyon da Baba Ari zai bi zuwa Kano shi aka loda wa kayan, shi ya taya shi ɗaurewa. Suka zauna a bayan mota gefe da gefe, tun daga Damagaram har Daura har Kano, yaron yana ta ba shi dabino. Sai da aka sauke kaya a ƙofar shagon wan, sannan Baba Ari ya riƙe hannun yaron ya gaya masa komai, da algarara da buta da huhunan goro.

Na tambayi Baba Ari daga baya me Abdul'aziz ya ce. Ya ce yaron ya saurare shi har ƙarshe. Can ya ce, "Baba, da a zauren nan ka faɗa." Sannan ya ƙara da cewa, "Na yafe maka, don na san ba mugunta ba ce. Amma ka je ka faɗa inda aka yi dariya."

Da ya dawo, gidanmu ya fara zuwa, da hantsi. Ranar ce ta farko da na ga ya zauna a zaurenmu. Ya ce a kira Inna da Yaya. Ya faɗi komai a jere, kansa a ƙasa, bai ƙara ba bai rage ba.

Inna ta ce, "Malam Ari, ruwa? Da hannunka?"

"Da hannuna, Innar Aliya." Aliya ni ce.

Yaya ya ce, "Baba, ai ba tumatir ba ce."

"Yanzu na sani, ɗana."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta fito ba har azahar. Da na kai mata abinci na same ta zaune bakin gado, ta ce, "Ni na ce a ba shi. Ni kuma na rufe masa baki." Na ajiye kwanon na fita.

Daga gidanmu ya wuce zauren mai unguwa, ya roƙa a tara mutanen da suka zauna ranar. Ya shirya wa komai. Ya gaya wa Maryama ta yi haƙuri, wataƙila daga yau ba mai sake ba shi ko tsinke, in ta kama su koma Guna wurin dangin uwarsa su yi ƙwadago. Ya tsaya a tsakiyar zaure ya faɗa.

Aka yi dariya, har ta fi ta farko.

"Malam Ari ya ba gita ruwa!"

"To ta gode maka kuwa?"

"Allah ya so ba ka sa mata ganye a baki ba."

Ɗaya daga cikin masu goro ya share hawayen dariya ya ce, "Ni wannan ya ƙara mini yarda da kai. Mutumin da zai hana kansa ruwa ya ba katako, ai goro ba zai taɓa ƙishi a hannunsa ba."

Baba Ari ya ce, "Jama'a, ba don ni na tara ku ba. Yaron nan gaskiya ya faɗa. Kayansa lafiyayyu ne. Mun kore shi a kan ƙarya."

Mai unguwa ya ce haka ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka shafa. Wani ya ce ai yaron ya riga ya tafi, kuma Kano ba ta rasa kasuwa. Wani ya ce ko ba wannan ba, ai rediyon da ya sayar wa ƙaninsa ma bai daɗe ba. Aka tashi sallar magariba.

Ba wanda ya janye saƙonsa. Tafiyar da ta biyo baya ma ƙunshinsa ya fi na kullum yawa, don mata na son su zo da kansu su tsokane shi. "Baba Ari, ga madubi, don Allah kada a yi masa wanka." Shi kuwa sai ya karɓa ya ce, "To. Amma kin ji yaron nan Abdul'aziz ba shi da laifi?" Ta ce ta ji, ta wuce. Haka ya riƙa bi, gida gida, shago shago, a tasha, a bakin masallaci, har mutane suka fara cewa tsufa ya kama shi. Labarin ya zama na Ari da butarsa, abin ba da dariya a wurin suna. Sunan Abdul'aziz ya fita daga ciki gaba ɗaya. Amma "ruwa ya sha" ta zauna. Har yau yaran da ba su san asalinta ba suna faɗa.

Kuɗin gitar kuwa, Baba Ari ya biya Abdul'aziz da kaɗan kaɗan, duk tafiya ya kai abin da ya samu. Yaya ya so ya biya rabi, ya ƙi. Yaya ya kira Abdul'aziz ya ba shi haƙuri, ya ce ya dawo, shi da kansa zai bi 'yan kabu-kabu ɗaya ɗaya. Abdul'aziz ya ce ba komai, ya gai da Mama, amma wansa ba zai sake ba shi jari ya fita waje ba, yanzu a ƙarƙashinsa yake tsaron shago. Da aka yi masa aure Inna ta aika da turaren wuta da kilishi, ta hannun Baba Ari. Godiya ta dawo, da alawa a leda. Inna ta raba wa yaran maƙwabta, ita ba ta taɓa ba. Yaya ya sami wata gitar daga Agadas, yana kiɗansa har yanzu, amma na lura in biki a layin tsohon shagon ne, sai ya ce yana da wani wuri.

Na taɓa ce wa Baba Ari, ai ya yi abin da ya kamata, ya faɗa, ya biya, an yafe masa, me ya saura? Lokacin gwiwa ta fara hana shi hawa kamiyo, yana yawan zama a ƙofar gida kusa da tiren Maryama. Ya ce, "Ɗiyata, ke kin yi lakwal, amma bari in gaya miki. Da sun zage ni ranar, da sun ƙwace saƙonsu, da na yi barci. Na kai musu wuyana suka ba ni goro." Ya ce abin da ya fi damunsa ba ruwan ba ne. Ruwan kam jahilci ne, Allah na gani. Ɗan shirun nan ne tsakanin tambayar mai unguwa da amsarsa. Ya ce in ya tuna, yakan ga da sauran wuri a cikin shirun da mutum zai faɗi gaskiya har ya huta.

Daga baya ya bar hanya gaba ɗaya. Masu goro suka sami wani. Ɗiyarsa ta so ta ɗauke su zuwa Hamdara, ya ce a Zango ya yi abin da ya yi, a Zango zai zauna. Ba ya rashin baƙi. Matan da ya yi wa hidima shekara da shekaru sukan tsaya su gaishe shi, su aje masa ɗan abin sayen sabulu. Yana karɓa yana godiya, amma ba ya kallon idonsu.

Bara idon Inna ya yi yana, aka ce sai Kano, ni zan raka ta. Ban taɓa zuwa ba. Ana gobe za mu tafi na je sayen zogale, Baba Ari ya yafito ni. Na durƙusa kusa da shi. Na ɗauka zai gaya mini inda za mu sauka, ko yadda ake yi da 'yan duwan. Sai ya kwatanta mini shagon wan Abdul'aziz, layi kaza, bayan masu sayar da wayoyin lantarki, kusa da wani mai shayi.

Na ce, "In gaishe shi, Baba?"

Ya ce, "A'a. Kada ki shiga, kada ki ce ni na aiko ki. Ya gaji da ganin fuskar mutanen Damagaram suna ba shi haƙuri. Ki dai tsaya daga nesa, wajen mai shayin, ki ɗan jima. Ki duba mini in mutum ya zo sayen kaya, shi ake tambaya ko wansa ake jira. In ya ce abu lafiyayye ne, ki duba ko mai sayen yana ɗauka ya tafi, ko sai ya sa an buɗe. Abin da kika gani ki zo ki gaya mini, ɗiyata, kada ki gyara mini shi."